Waiwaye a kan Kuɗin Sa Ido kan Asibitoci a Amurka, 1918 – 2023

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda gwamnatin tarayyar Amurka ta tsinci kanta cikin hidimar duba asibitoci da sauran cibiyoyin kiwon lafiya, da kuma yadda ta riƙa biyan kuɗin wannan hidima, ko kuma ta riƙa kauce wa biyansa. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, tun daga farko gwamnatin ba ta taɓa ɗaukar nauyin dubawar gaba ɗaya ba. Takan rarraba shi ne a kan ƙungiyoyin likitoci da jihohi da su kansu asibitocin da ake dubawa, kuma irin rabon da aka yi a kowane zamani shi ne yake bayyana wurin da aka duba da wurin da aka ƙyale.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambanta kalmomi uku da za su yi ta fitowa. Lasisi izini ne da jiha take bayarwa domin a buɗe asibiti. Shaidar cancanta kuwa daga gwamnatin tarayya take fitowa, kuma da ita ce asibiti yake samun damar karɓar kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati. Tantancewa ita ce wadda ƙungiya mai zaman kanta take yi wa asibitin da ya nema da kansa. Ma'aikacin da yake shiga asibiti ya bincika za a kira shi mai duba, domin aikinsa ya yi kama da na duba-gari da aka sani a garuruwanmu, sai dai shi ɗakin tiyata da fayil ɗin majinyaci yake leƙawa.

2.0 Lokacin da likitoci ke biya daga aljihunsu

Ba gwamnati ce ta fara duba asibitoci a Amurka ba. A shekarar 1913 aka kafa Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Amurka, wadda ƙungiya ce ta masu sana'a, kuma cikin waɗanda suka yi tasiri a kanta akwai wani likitan fiɗa na birnin Bostan mai suna Ernest Codman. Ra'ayinsa shi ne, wajibi ne asibiti ya bi sawun duk wanda ya yi wa magani, har ya san ko ya warke ko bai warke ba, in kuwa bai warke ba a nemi dalili. Wannan ra'ayi bai yi wa abokan aikinsa daɗi ba, har ta kai ya bar babban asibitin da yake aiki.

A shekarar 1918 Kwalejin ta fara aika masu duba zuwa asibitoci. Ma'aunin da ta yi amfani da shi bai wuce shafi ɗaya ba: likitocin asibiti su kasance ƙungiya mai tsari, kowannensu ya zama mai lasisi kuma mai ɗa'a, su riƙa zama aƙalla sau ɗaya a wata suna bitar aikinsu, a riƙa ajiye cikakken bayanin kowane majinyaci, sannan a sami ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin ɗaukar hoto. A watan Oktoba na 1919 aka bayyana sakamakon a birnin Nuyok. Cikin asibitoci 692 masu gado 100 ko fiye, 89 kawai suka cika ma'aunin. An faɗi adadin, amma takardar sunayen an jefa ta cikin wutar murhun otal ɗin Waldorf-Astoria domin kada ta faɗa hannun 'yan jarida. Wannan ƙaramin al'amari yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, saboda tun ranar farko dubawar ta ginu ne a kan sirri tsakanin mai duba da wanda ake dubawa.

Kwalejin ba ta karɓar ko kwabo daga asibitoci. Daga kuɗin da mambobinta ke bayarwa take biya. Zuwa shekarar 1950 asibitocin da ta amince da su sun haura 3,200, ita kuma ta kashe sama da dala miliyan 2, nauyin ya fi ƙarfinta. Ƙungiyar Asibitocin Amurka ta nuna sha'awar karɓar aikin, likitoci kuwa ba su yarda masu gudanar da asibiti su zama alƙalan aikin likita ba. Sulhun da aka yi a 1951 shi ya haifar da hukumar haɗin gwiwa ta tantance asibitoci, wadda aka fi sani da Joint Commission, inda Kwalejin da Ƙungiyar Asibitoci da manyan ƙungiyoyin likitoci biyu na Amurka da ta Kanada suka haɗa hannu. Kanada ta janye a 1959 ta kafa tata. A 1964 Hukumar ta fara cajin asibitoci kuɗin dubawa. Ke nan, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta shigo, wanda ake dubawa ya riga ya zama shi ne mai biyan mai duba.

Su kuma jihohi, yawancinsu ba su da dokar lasisin asibiti sai bayan dokar Hill-Burton ta 1946, wadda ta ba da tallafin gina asibitoci bisa sharaɗin jiha ta shimfiɗa ƙa'idojin gudanar da su.

3.0 Dokar 1965 da rabon nauyi

Ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare, wato inshorar lafiya ta masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid, wadda tarayya da jihohi ke haɗa kuɗi domin marasa ƙarfi. An tsara Medicare ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1966, da mutane kimanin miliyan 19. Cikin wata goma sha ɗaya, dole gwamnati ta san asibitocin da za ta riƙa biya, alhali ba ta da masu duba nata. Bugu da ƙari, ƙungiyar likitoci ta yi shekaru tana yaƙar shirin, shi ya sa sashen farko na dokar, wato sashe na 1801, ya haramta wa duk wani jami'in tarayya tsoma baki cikin yadda likita yake aikinsa ko yadda ake tafiyar da asibiti. Gwamnatin da ta yi wannan alkawari ba ta da bakin da za ta kafa rundunar sufetoci.

Hanyoyi biyu aka bi. Sashe na 1864 ya ba gwamnatin tarayya izinin ƙulla yarjejeniya da ma'aikatun lafiya na jihohi, su yi dubawar a madadinta, ita kuma ta biya su abin da suka kashe. Sashe na 1865 kuwa ya ce duk asibitin da Joint Commission ta tantance, za a ɗauka ya cika sharuɗɗan gwamnati, in ban da sharaɗin bitar yadda ake kwantar da majinyata da sallamarsu. Za mu kira wannan ƙa'idar ɗauka. Dokar ta ambaci sunan Hukumar ƙarara, har ma ta hana gwamnati shimfiɗa sharaɗin da ya fi nata tsauri.

Ta fuskar kuɗi, wannan ciniki ne mai riba ga baitulmali. Mafi yawan manyan asibitoci suna da tantancewa, saboda haka dubawarsu ba ta cikin kasafin gwamnati. Amma a lura da wani abu da ba a cika faɗa ba: a wancan lokaci Medicare tana biyan asibitoci ne gwargwadon abin da suka kashe, kuma kuɗin tantancewa yana cikin abin da suke kashewa. Ashe ke nan wani ɓangare na kuɗin yana komawa kan gwamnati ta bayan gida, ba tare da ya bayyana a matsayin kuɗin sa ido ba, kuma ba tare da ta sami ikon da mai biya ya kamata ya samu ba, domin rahotannin Hukumar sirri ne ko a gare ta.

A cikin waɗannan watanni akwai wata dubawa da gwamnatin tarayya ta yi da kanta. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana ba da kuɗin tarayya ga cibiyar da ke nuna wariyar launin fata, saboda haka aka tattaro ma'aikata daga sassa daban-daban aka tura su musamman jihohin kudu, suna duba ɗakunan kwana da na jira da wuraren cin abinci. Cikin 'yan watanni asibitocin da suka shekara da shekaru suna raba baƙi da farare suka cire allunan. Wannan ya nuna cewa idan gwamnati ta so, kuma ta jingina dubawa da barazanar hana kuɗi, abin yana aiki da sauri.

4.0 Gidajen jinyar tsofaffi

A nan ne aka fi kashe kuɗin dubawa, kuma a nan ne aka fi tafka muhawara. Lokacin da Medicare ta fara biyan gidajen jinya a 1967, gidaje 740 ne kawai suka cika sharuɗɗa. Da yake wannan adadi bai isa ƙasar ba, sai aka ƙirƙiro wani matsayi na waɗanda suka kusa cikawa, aka shigar da fiye da gidaje 3,000 ta wannan ƙofa. Sakamakon bai jima ba ya bayyana. A watan Janairu na 1970 gobara ta kashe fiye da mutum 30 a wani gidan jinya a garin Marietta na jihar Ohayo, a cikin shekarar kuma gurɓataccen abinci ya kashe tsofaffi da dama a wani gida a Baltimo. Sanata Frank Moss ya yi ta zaman sauraron shaidu a kan irin waɗannan abubuwa. A 1971 Shugaba Nixon ya sanar da shirin horas da masu duba na jihohi 2,000, gyaran doka na 1972 kuma ya yarda tarayya ta biya dukkan kuɗin duba gidajen da ke karɓar Medicaid. Daga baya aka mai da rabon tarayya kashi 75 cikin 100, sauran ya koma kan jihohi.

A 1982 gwamnatin Reagan, wadda ta zo da aniyar rage kashe kuɗi, ta gabatar da shawarar a rage yawan dubawa ga gidajen da ke da kyakkyawan tarihi, kuma a shimfiɗa ƙa'idar ɗauka ta haɗa da gidajen jinya. Ƙungiyoyin kare tsofaffi suka tayar da ƙura, Majalisar Dokoki ta dakatar da shawarar, aka kuma ɗora wa Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar aikin bincike. Rahotonta na 1986 shi ya zama tushen dokar gyaran gidajen jinya ta 1987. Dokar ta ce a duba kowane gida ba tare da sanarwa ba, tsakanin dubawa da dubawa kada a wuce wata 15, kuma matsakaicin jiha kada ya wuce wata 12. Ta ce a sa ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya cikin ayarin masu duba, kuma a daina tsayawa kan takardu kawai, a je a ga tsofaffin a yi magana da su. Yunƙurin rage kuɗi ke nan ya ƙare da dokar da ta ƙara shi. A ganina Majalisa ta yi daidai a wannan karo, domin tsohon da ya ruɗe ba ya iya kai ƙara, kuma ba ya iya tattara kayansa ya canza gida. Kuskurenta shi ne, ta rubuta wa'adin dubawa a cikin doka, amma ba ta rubuta kuɗin yin ta ba.

Wannan batu yana buƙatar bayani. Kuɗin da Medicare take biyan asibitoci da gidajen jinya ba ya jiran Majalisa. Duk wanda ya cancanta aka yi masa magani, doka ta wajabta a biya, ko nawa abin ya kai. Kuɗin dubawa kuwa sai an zauna kowace shekara an ware shi, yana gogayya da sauran buƙatun ma'aikata. Saboda haka cibiyoyi suna ƙaruwa, kuɗin da ake ba su yana hauhawa da kansa, amma kuɗin mai duba yana iya tsayawa wuri ɗaya. Hukumar da ke riƙe da aikin, wadda aka kafa a 1977 aka kuma sake mata suna zuwa CMS a 2001, sai ta koma jera ayyuka hawa-hawa. Abin da doka ta yanka wa wa'adi shi ne a sama. Cibiyoyin wankin ƙoda da ƙananan wuraren tiyata da makamantansu sukan jira abin da ya rage. Cibiyoyin kula da masu ciwon ajali sukan yi shekaru shida ko fiye ba a leƙa su ba, har sai da wata doka ta 2014 ta ce a duba su duk wata 36.

5.0 Gwajin cajin wanda ake dubawa

A 1987 jaridar Wall Street Journal ta buga binciken Walt Bogdanich a kan ɗakunan gwaje-gwajen da ke duba sankarar bakin mahaifa cikin gaggawa da ganganci, har mata suna mutuwa bayan an ce musu lafiyarsu ƙalau. A shekarar da ta biyo Majalisa ta zartar da dokar da ake kira CLIA, wadda ta haɗa duk wurin da ake gwada jini ko fitsari ko wani abu daga jikin ɗan Adam, har da ɗan ƙaramin ɗakin gwaji na ofishin likita. Abin da ya bambanta wannan doka shi ne, ta ce shirin ya ciyar da kansa. Kowane ɗakin gwaji yana biyan gwamnati kuɗin shaida duk shekara biyu, kuma kuɗin yana ƙaruwa gwargwadon yawan gwajin da yake yi. A nan ma wanda ake dubawa ne ke biya, amma gwamnati yake biya, ba shi da zaɓin ya kore ta ya ɗauko wani in bai ji daɗin sakamakon ba, sai dai ya nemi tantancewar ƙungiyar da ita gwamnatin ta amince da ita.

An yi ƙoƙarin kai irin wannan tsari ga sauran cibiyoyi. A watan Satumba na 2007 CMS ta fara cajin kuɗin komawa, wato idan an sami cibiya da laifi har sai an sake zuwa a ga ko ta gyara, ita za ta biya kuɗin zuwan na biyu. Masu gidajen jinya suka yi ca, Majalisa ba ta sabunta izinin ba, cajin ya mutu kafin shekarar ta ƙare. A daidai wannan lokaci CMS ta sanar da jihohi cewa duba sababbin cibiyoyin da ke neman shiga Medicare ya koma hawa na ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, mai sabon asibiti ko dai ya yi ta jira, ko kuma ya biya ƙungiya mai zaman kanta ta tantance shi.

6.0 Abin da araha ta jawo

Tun 1972 Majalisa ta fara shakkar ƙa'idar ɗauka. Gyaran dokar na wannan shekara ya ba gwamnati ikon zaɓar wasu asibitocin da aka tantance ta sa jihohi su sake duba su, ya kuma cire hanin da aka yi mata na shimfiɗa sharaɗi mai tsauri. Wato an ƙara wani sabon kuɗi, na duba mai duba. A 2004 ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya yi nazarin irin wannan dubawa guda 500 da aka yi tsakanin 2000 da 2002. Jihohi sun sami manyan matsaloli a asibitoci 157, kuma a 123 daga cikinsu Joint Commission ba ta gano matsalar ba. Dokar 2008 ta soke gatan da aka ba Hukumar tun 1965, ta yadda daga watan Yuli na 2010 sai ta nemi amincewar CMS kamar kowace ƙungiya. A 2008 kuma aka amince wa kamfanin DNV mai asali daga Norwe ya riƙa tantance asibitoci. Gasa ta shigo ke nan, sai dai gasa ce ta neman abokan ciniki cikin waɗanda za a duba, kuma Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wasu daga cikin ƙungiyoyin har suna da rassan da ke sayar wa asibitoci shawarar yadda za su ci dubawar, al'amarin da CMS ta fitar da daftarin ƙa'idar taƙaita shi a watan Fabrairu na 2024.

Su asibitoci suna da nasu kukan. A 2017 Ƙungiyar Asibitocin Amurka ta ƙiyasta cewa bin ƙa'idojin tarayya yana cin kusan dala biliyan 39 a shekara. Lissafi ne na mai ƙorafi, kuma ya haɗa abubuwa da yawa da ba su shafi dubawa ba, kamar takardun neman biya.

Abin da gwamnatin tarayya take warewa kuwa ƙanƙane ne ƙwarai. Daga shekarar kasafi ta 2015 kuɗin dubawa da ba da shaida a ƙarƙashin Medicare ya tsaya a kan kimanin dala miliyan 397, ya kuma yi shekaru bai motsa ba, duk da hauhawar farashi da ƙaruwar ƙorafe-ƙorafen da dole a bincika. A 2022 Medicare ta kashe kimanin dala biliyan 944. Idan aka gwama su, abin kimanin senti 4 ne kawai cikin kowace dala 100. Ko an ƙara rabon Medicaid da na jihohi, ba zai kai ko kusa da kashi 1 cikin 100 ba. Da annobar korona ta shigo, a watan Maris na 2020 aka dakatar da dubawar yau da kullum a gidajen jinya kimanin 15,000, aka mai da hankali kan hana yaɗuwar cuta, Majalisa kuma ta ba da ƙarin dala miliyan 100 na gaggawa. Ayyukan da suka taru sun ɗauki shekaru ba a gama biyan bashinsu ba.

A watan Mayu na 2023 kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da harkokin tsofaffi ya fitar da rahoto a kan halin da masu duba suke ciki. A hukumomin dubawa 32, aƙalla kujera ɗaya cikin biyar babu kowa a kanta. A Kentaki gurbin da ba a cike ba ya kai kashi 83 cikin 100, a Alabama kashi 80. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Doka ta ce sai da ma'aikaciyar jinya, ita kuwa asibiti zai ba ta albashin da ya fi na jiha nesa ba kusa ba, ba tare da yawon kwana a otal da shan harara daga masu gidajen jinya ba. Jihohin da suka rasa ma'aikata sai suka koma ɗaukar kamfanoni 'yan kwangila su yi musu dubawar, a kan farashin da ya zarce abin da za su biya ma'aikatansu.

Bambancin hanyoyin biyan ya fito fili a watan Oktoba na 2013, lokacin da Majalisa ta kasa zartar da kasafi, ma'aikatun tarayya suka rufe na kwana 16. Medicare ta ci gaba da biyan asibitoci da gidajen jinya kamar kullum. CMS kuwa ta umarci jihohi su dakatar da dubawar yau da kullum da ake biya daga kuɗin Medicare, su tsaya a kan ƙorafin da ya shafi haɗarin rai ko cutarwa. Masu duba ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda kuɗinsu daga cajin shaida yake fitowa, ba su ajiye aiki ba.